Yadda ake haɗa ɗan littafin zane na tafiya, daga tsohon katin wasiƙa zuwa bangon da ke gogewa

Masu karatu sun yi ta tambaya a kan 'yan littattafan nan na zane masu girman tafin hannu, waɗanda mai zane kan haɗa idan ya je wani gari, ya buga kwafi kaɗan, ya bar su nan da can don wani ya tsinta. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne: wace takarda, yaya ake naɗewa, nawa ake kashewa, ina ake samun tsofaffin katunan wasiƙa masu hoto. Ga tsarin daki-daki. Na ɗauki misalin zanen bangon gidajen ƙasa na Zariya da Kano da Damagaram, don shi ne ke ɓacewa muna kallo, amma hanyar ɗaya ce ko da allon mai aski kake bi, ko zanen rigakafin shan-inna da ya koɗe a bangon firamare. Ka bi jerin yadda yake. Yawancin waɗanda aikinsu ya watse sun soma zane ne tun ba su naɗe takarda ba.

1. Tsai da unguwa ɗaya da girman littafi

Kada ka ce za ka zana “Kano”. Ka ce daga Gidan Makama zuwa Ƙofar Mata, ko lungu biyu a cikin Birnin Damagaram, ko layi guda a cikin birnin Zariya. Abin da ƙafa za ta zagaye a hantsi ɗaya ya isa littafi.

Girma iri biyu ne masu sauƙi. Na farko takarda ɗaya ta A4 da ake naɗewa ta ba da shafi 8, kowane shafi milimita 74 da 105. Na biyu takarda 4 da ake ninkewa biyu su ba da shafi 16 masu girman A5. Wanda bai taɓa yi ba ya fara da na farko. Idan shagon da za ka buga yana da takardar A3, naɗin nan na shafi 8 zai ba ka shafi mai milimita 105 da 148, wato girman katin wasiƙa na yau, kuma a ganina shi ya fi kyau a hannu.

2. Kayan aiki

Fensir HB da kilina mai laushi, baƙin alƙalamin zane mai tawadar da ruwa ba ya narkarwa (irin su Pigma Micron, lamba 03 da 08 sun wadatar), maka baƙa don cike manyan wurare, Tipp-Ex, rula ta ƙarfe, reza ko almakashi, gam, allura da zare mai kauri, da ɗan katako ko kwali mai tauri da za ka ɗora takarda a kai kana tsaye. Sai wayarka da cajinta. Biro baƙi na Bic ma yana yi, in dai za ka danna shi sosai.

Gargaɗi: tawadar allo da alƙalamin kara suna ba da layi mai rai wanda alƙalamin kanti ba ya bayarwa, amma an yi ta ne don a wanke. Gumin hannunka kawai zai dagula shafi. In da ita za ka yi, ka bari sai ka dawo masauki, ka sa wata takarda a ƙarƙashin hannunka.

3. Nemo tsohon kati, ka gane shekarunsa

Wannan yana zuwa kafin tafiya, domin katin ne zai nuna maka inda za ka tsaya. Manufar ita ce ka sami hoton wuri yadda yake shekaru da dama da suka wuce, ka je ka tsaya daidai inda mai hoton ya tsaya, ka zana abin da ke wurin yau.

Fara da gida. Tsofaffin malaman makaranta, ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan waya da suka yi ritaya, sukan bar katuna a cikin adaka ko tsakanin shafukan littafi. Bayan nan sai intanet: eBay da Delcampe, inda 'yan kasuwar Turai ke baje su. Ka nema da irin rubutun da Turawa suka yi amfani da shi a lokacin: Zinder maimakon Damagaram, Agadès, Zungeru, Lokoja, Haoussa da Haussa. Ba lallai ka saya ba. Sau da yawa kuɗin aikowa ya fi kuɗin katin, kuma don sanin inda za ka tsaya, hoton da ke kan allon waya ya isa.

Idan katin ya zo hannunka, juya bayansa tukuna. Katin da bayansa fili ne na adireshi kawai, saƙon kuma an matse shi a gefen hoton, na farkon zamani ne. Ingila ta yarda a raba bayan kati da layi a 1902, Faransa a ƙarshen 1903, Amurka a 1907. Sai kan sarki. Wanda aka rubuta wa Northern Nigeria na kafin haɗewar 1914 ne, daga nan sai Nigeria kawai. Fuskar da ke kai ma tana magana: Sarki Edward na Bakwai ya yi mulki daga 1901 zuwa 1910, George na Biyar daga 1910 zuwa 1936. Abin da ke cikin hoton shi ma shaida ne. Layin dogo ya isa Kano a 1911, don haka hoton jirgin ƙasa a Kano ba zai girmi wannan shekarar ba. Katunan Damagaram suna da yawa saboda can ne hedikwatar Faransawa a Nijar kafin a mayar da ita Yamai a 1926.

Gargaɗi na farko: hatimin gidan waya yana nuna ranar da aka aika katin ne, ba ranar da aka ɗauki hoton ba. Akan yi shekaru ana sake buga hoto ɗaya. A littafinka ka rubuta “kafin shekara kaza”, kada ka yanke. Na biyu: bayanin da aka buga a ƙasan hoto ba abin dogaro ba ne. Masu bugawa kan sa sunan wani gari a hoton wani, wasu kalmomin kuma na raini ne tsagwaronsu. Ka nuna wa dattawan unguwa hoton, su za su gane ƙofar ko kukar da ke ciki.

Wajen adanawa: kada ka yi wa kati laminatin, kada salatif ya taɓa shi, kada ka rubuta masa komai da biro. A yi masa sikanin gaba da baya a kan 600 dpi, ka sa shi a ambulan, ka ajiye a gwangwani mai murfi nesa da ƙasa saboda gara da laimar damina. Kwafinsa za ka tafi da shi, ba shi kansa ba.

4. Izini

Baƙon da ya tsaya a ƙofar gidan mutane yana rubuce-rubuce, kafin ya gama layi biyu an ɗauke shi ma'aikacin haraji ko mai auna gidajen da za a rushe. Ka fara da mai unguwa. Gaisuwa, sannan bayani a taƙaice: “Ranka ya daɗe, ni mai zane ne, ina so in zana adon bangon gidajen unguwar nan kafin ya goge, kuma zan kawo muku abin da na yi.” Ka nuna masa wani zanenka na baya da kwafin tsohon katin. Katin nan kan buɗe baki fiye da kowace takardar gabatarwa, sau da yawa ma a haɗa ka da yaron da zai raka ka. Yaron a ba shi na goro, ka sa wannan cikin lissafi tun farko.

A kowane gida ka yi sallama da mai gidan kansa. Iyakarka zaure. Kada ka zana matan gida ko ka ɗauke su hoto, kuma in mutum ya ce ba ya so a zana fuskarsa, kada ka ja da shi. Bayansa da rigarsa da hularsa sun isa a gane dattijo ne. Ofishin 'yan sanda, barikin soja da shingen bincike, kada ko wayarka ka ɗaga a wajensu. Fadar sarki tana da nata masu ba da izini.

5. A gaban bangon

Nan ne aikin yake, kada ka yi gaggawa. Adon bangon Hausa mai tudu da kwari ne, inuwa ce ke fito da shi. Idan rana na dukan bangon gaba da gaba, ko hazo ya rufe ta, sai ka ga fili kawai. Yana fitowa ne sa'ad da haske ya shafo shi ta gefe ko daga sama. Bangon da ke kallon gabas yakan fi nuna kansa idan hantsi ya ɗaga sosai, mai kallon yamma kuma jim kaɗan bayan rana ta karkata. Saboda haka ka zagaya sau ɗaya kana lura da inda kowane bango ya fuskanta, sannan ka dawo masa a lokacinsa.

Hoto uku a kowane bango: na gidan duka har da zankwayensa, na adon gaba da gaba ba a karkace ba, da na kusa inda yaɓen ya ɓamɓare. Ka sa rula ko ka tsai da mutum a gefe don a san girma. Bayan hoto sai zanen fensir a nan take, ko da na minti goma ne. Waya tana ɗaukar komai daidai wa daida, amma sai kana bin layi da hannu za ka gane cewa igiyar dagin nan ta bi ta ƙarƙashi a nan, ta hau sama a can, kuma abin da ka ɗauka tsaga ce ashe ƙafar keke ce da ta rage. Fara da ƙofa, don ita ce ma'auninka: ka ƙirga faɗin ƙofa nawa ne faɗin adon, tsayinta nawa ne tsayinsa.

Ka zana lalacewar yadda take. Inda makuba ta zube tubali ya bayyana, inda ruwan indararo ya ci rabin takobi, inda aka liƙa fostar ɗan takara, inda aka shafe ƙasan da siminti, duk su shiga. Wannan ne kuskuren da na fi gani ga masu hannu mai kyau: sai su “gyara” bangon a takarda, su cike abin da ya ɓace da tunaninsu, littafin ya yi kyau amma ya daina zama shaida. In kana so ka nuna yadda kake jin ya kasance a da, ka yi shi da ɗige-ɗige, ka rubuta cewa hasashe ne.

Tambayoyi huɗu ga mai gida: wa ya yi zanen, a zamanin wane sarki ko don wane biki, yaushe aka yi masa yaɓe na ƙarshe, kuma me suke kiran kowane fasali. Rubuta amsar da bakinsa, kada ka gyara masa Hausa. In ya ce a tambayi sarkin magina, ka je. Wani lokaci adon da kansa yake faɗin shekarunsa: jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925, to bangon da ke ɗauke da hoton jirgi ba na zamanin Rumfa ba ne, ko me yaran unguwa suka ce maka.

Gargaɗi: kada ka watsa wa bango ruwa don launi ya fito, kada ka goge shi da tsumma, kada ka ɗora takarda a kai kana murza fensir. Yaɓen da ya tsufa da ɗan yatsa ma zuba yake. Kuma in kana da zaɓi, ka je kafin ruwa ya sauka. Bangon da ka gani a watan Afrilu ba lallai ka tarar da shi ba bayan ruwan Agusta.

6. Naɗe samfuri kafin ka zana komai

Ɗauki farar takarda ta A4 a kwance. Ninka ta biyu ta tsawo, ka buɗe. Ninka ta biyu ta faɗi, sannan kowane rabi ka sake ninka shi biyu, ka buɗe. Yanzu kana da gida 8, huɗu a sama, huɗu a ƙasa. Ka tsaga layin tsakiya na kwance da reza, amma tsawon gidaje biyu na tsakiya kawai, ba har baki ba. Sake ninka ta ta tsawo, ka riƙe gefe da gefe ka turo ciki. Tsagar za ta buɗe baki, takardar ta zama kamar alamar tarawa, sai ka kwantar da fukafukan su zama littafi. Rubuta lamba 1 zuwa 8 a shafukan yana naɗe, tare da kibiya mai nuna sama, sannan ka warware. Za ka ga layin ƙasa daga hagu ya ba da 6, 7, 8, 1, na sama kuma 5, 4, 3, 2, waɗannan na saman kai a ƙasa. Wanda bai yi wannan ba, rabin littafinsa a kife zai fito.

Na shafi 16 kuma, ninka takarda 4 tare, ka sa lamba, ka raba su. Shafukan da ke maƙwabtaka a kowace fuska jimillarsu 17 ce: 16 da 1, bayansu 2 da 15, 14 da 3, bayansu 4 da 13, haka har 8 da 9 a tsakiya. Mai rubutu da ajami ya sa lambobinsa daga ɗaya bangon, tunda littafinsa ta dama zai buɗe.

7. Zane da rubutu

A littafi mai shafi 8, ga rabon da ke aiki: shafi na 1 bangon littafin, shafi na 2 da na 3 tsohon kati a hagu da wurin a yau a dama, 4 da 5 adon bangon a shimfiɗe, 6 da 7 mai gida da abin da ya faɗa, na 8 kuma sunan unguwa, wata da shekara, da sunanka. Kwanan watan nan kada ka manta da shi. Bayan shekara ashirin shi za a fara nema.

Tsohon katin ka zana shi da hannunka maimakon manna hotonsa. Injin fotokwafi yana mai da tsohon hoto baƙin dunƙule, kuma hoton da ka ɗauko daga shafin ɗan kasuwa nasa ne. Ka rubuta sunan kamfanin da ya buga katin idan yana jiki.

Rubuta magana kafin ka zagaye ta da da'ira, in ba haka ba za ka matse haruffa. Bar aƙalla milimita 5 a kowane gefe, don inji ba ya bugawa har bakin takarda. Inuwar fensir ba ta fita a kwafi. Ka yi inuwa da layuka ko ɗigo na tawada. Ka bari tawada ta bushe sarai kafin ka goge fensir. Wanda ƙananan gidaje suka takura wa hannunsa ya zana a A3, a rage masa zuwa kashi 71 cikin 100 ya dawo A4, sai dai ya ƙara wa rubutunsa girma da kauri tun a asali. Lanƙwasar ɗ da ƙ da ɓ ita ce ke fara ɓacewa idan an rage, ka fito da ita sosai.

8. Shagon fotokwafi da lissafin kuɗi

Farashi yana canjawa daga wata zuwa wata, don haka ka yi lissafi da fuskar takarda. Kwafi 50 na mai shafi 8 takarda 50 ce, fuska 50. Kwafi 50 na mai shafi 16 takarda 200 ce, fuska 400, wato ninki takwas a kuɗin bugu, ban da kwalin bango in za ka sa. Rim ɗaya takarda 500 ce. Ka sayi rim ɗinka mai nauyin giram 80 ka kai, ka yi ciniki a kan bugu kawai, kuma ka je lokacin da akwai wuta, don farashin janareta daban ne. Ƙara kashi ɗaya cikin goma na waɗanda za su lalace. A gaskiya kuɗin mota da masauki da na goro sun fi na bugun nesa ba kusa ba.

Gargaɗi: a buga ɗaya tak tukuna, ka naɗe shi a nan cikin shagon, ka duba. Abubuwa uku ke faruwa: injin ya rage girman da kansa har layin naɗi ya kauce, gilashin yana da datti da zai fito a kowane kwafi, ko tawadar injin ta yi ƙasa baƙi ya koma toka-toka. Ka ce a bar girman a kan kashi 100, a goge gilashi. A mai fuska biyu ka ɗaga takardar a haske ka ga ko gaba da baya sun hau juna, kuma bayan bai kife ba. Kada ka bar asalin zanenka a shago ka ce za ka dawo.

9. Naɗewa da ɗinki

Kowane naɗi ka murza shi da bayan cokali. Yanka da rula da reza a kan kwali, takarda uku-uku, ba fiye ba. Mai shafi 16 yana son sitefila mai dogon hannu. In babu, ɗinki ya fi ta ma, tunda fil yana tsatsa da damina. Huda uku a kan layin tsakiya: shiga ta tsakiya daga ciki, fita ka shigo ta sama, tsallake tsakiya ka fita ta ƙasa, ka dawo ta tsakiya, ka ƙulle a kan dogon zaren. Sa wa kowane kwafi lamba da hannu, 1/50, 2/50. Ka danne su da littattafai masu nauyi su kwana.

10. Rabawa da ɓoyewa

Kwafin farko na mai gidan ne, na biyu na mai unguwa, hannu da hannu. Ka cika wannan alkawarin kafin komai, don mai zanen da zai zo bayanka da shi za a auna shi.

Sauran su ne na ɓoyo. A ƙasashen Turai da Amurka masu zane kan cusa irin waɗannan a kantar littattafai ko kujerar jirgin ƙasa su wuce abinsu. A nan sai da lura. Takarda naɗaɗɗiya mai zane-zane da aka tura a tsagar bango ko ƙarƙashin dakali, wanda ya gan ta sammu zai fara kawowa a ransa, kuma wuta za ta ci ta. Ƙunshin da ba a san mai shi ba a tasha ko kasuwa kuwa yana iya tara maka jami'an tsaro. Saboda haka kada ka nannaɗe shi a leda ko ƙyalle, kuma ka rubuta a bangon gaba da manyan haruffa: “Kyauta ne. Labarin zane ne. Ɗauka ka karanta, ka ba wani.”

Wuraren da suka dace su ne inda mutane ke zaman jira kuma akwai mai wurin da ya sani: teburin mai shayi, bencin mai aski, shagon tela, wajen mai sayar da jarida, ɗakin karatu bayan ka gaya wa ma'aikacinsa. Ɓoyon na mai tsinta ne, ba na mai wuri ba. Biyu ko uku a wuri ɗaya sun isa. In ka tara goma, gobe da su za a ƙulla ƙosai. Kada ka bar shi a masallaci ko makabarta. Kuma tunda takardar na iya ƙarewa a ƙasa, kada ka sa aya ko sunan Allah a ciki. In adon bangon yana ɗauke da irin wannan rubutun, ka bar gurbinsa fari, ka rubuta a gefe cewa akwai rubutun Larabci a nan.

Kada ka sa lambar gida ko cikakken sunan mai gidan sai da yardarsa, sunan unguwa ya isa. Ka riƙe kwafi 5 da asalin zanen a shimfiɗe cikin fayil, tare da hotunan wayar da ka sa wa kwanan wata, ka kuma kai kwafi ɗaya gidan tarihi ko ɗakin karatu na garin, ka roƙi a rubuta shi a rajista.